Hancin Saiwa

A Auyo, shekarar da kogi ya ƙetare gaɓa,
mangwaron babana ya yi wata biyu tsaye a ruwa.
Ganye ya yi rawaya, ya dinga zuba ɗaya-ɗaya.
Na ce, "Baba, ga ruwa har gindinsa, me ya kashe shi?"
Ya ce, "Talle, saiwa ma numfashi take yi.
Ruwan ne ya toshe mata hanci."

Na ajiye maganar kamar tsohon kwabo a aljihu,
ban sami inda zan kashe ta ba
sai da ƙwadago ya kawo ni Badagiri,
inda ƙasa ta kasa yanke shawara
ko tudu ce ita ko rafi.
Taɓo baƙi ƙirin, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai,
ka sa ƙafa ya haɗiye har gwiwa,
ya sake ka, ya riƙe takalmin.
Amma ga kurmi a kansa, kore shar,
babu ganye ɗaya da ke kuka.

Wani itacen ya tattare riga,
ya tsaya kan ƙafafu ashirin kamar zalɓe.
Maƙwabcinsa ya binne tasa saiwar,
sai ya turo 'yan tsinkaye sama, dubu a kan dubu,
turaku birjik, ba akuya ko ɗaya.

Sewanu, mai kwalekwalen da ke kai mu aiki,
Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana isarwa.
Ya miƙa hannu ya karyo guda.
"Aboki, duba."
Jikinta ƙuraje ne, kowane ƙurji da ƙofa,
ƙofar da ba ta kai hudar allura ba.
Ya tsaga ta da farce:
ciki ba itace ba ne, totuwa ce,
soso ne, zaure cikin zaure cikin zaure,
hanya tun daga sarari har ƙarƙashin duhu.
Ya karyo wata. "Sa a baki. Hura."
Na hura. Ɗaya bakin na cikin ruwa,
sai ga kumfa na tasowa, ƙanana, a jere,
numfashina ya bi ta cikin icce ya fito.
Dariya ta kusa kifar da mu.

Ruwa yakan hau, ya rufe su ruf.
Ƙofofin ba sa kurɓa.
Iskar da ke ciki ita ake ci da tsimi,
kamar hatsin rumbu a watan Agusta.
In ya janye, sai su zuƙa,
su aika ƙasa, wurin masu aiki a makance.
Ba su roƙi taɓo ya canza hali ba,
taga kawai suka buɗe.

To, ga abin da ban faɗa wa Baba a waya ba.
Aikinmu cike fadama ne.
Inji na tsotso yashi daga gindin ruwa,
ni ke riƙe da bakin bututun.
Za a yi gidaje, an ce, masu hawa huɗu.
Ba mu zo da gatari ba, ba mu kunna wuta ba.
Yashi kamu biyu kawai a kan turakun nan.

Sati uku, na ga launin.
Na san shi tun daga nesa,
rawayar Auyo ce ta biyo ni har Ikko.
Sewanu ya gani, bai ce komai ba,
ya dai ƙara wa sandar tuƙi ƙarfi.

Jiya da aka tashi, na tsaya a baya.
Na durƙusa na tone da hannu,
na fito da goma sha ɗaya,
na share musu fuska da bakin rigata.
Na san gobe da hantsi ni zan sake rufe su.
Duk da haka na zauna har magariba ta kawo jiki,
ni da su, muna shan iska.